Ɗan aiken na'ura: Yadda ake auna bayanan da ke yi wa wakilan AI jagora

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗaukar sabon yaron shago ya san cewa kwanakin farko su ne masu wuya. Yaron na iya kasancewa mai kaifin basira da riƙon amana, amma idan aka ce masa ya je ya karɓo kaya a sito, ba a faɗa masa wane sito ba, ko wane kaya, ko wa zai nema a can, to ko dai ya dawo hannu rabbana ko ya kwaso abin da ba shi aka aike shi ba. Sau da yawa idan aka bi diddigi, sai a tarar saƙon ne bai cika ba.

Wannan tsohuwar matsala ta aike ta sake kunno kai a fagen ƙirƙirarriyar basira, wato AI. Kamfanonin fasaha sun wuce matakin manhajar da ke amsa tambaya kawai. Yanzu suna ƙera abin da suke kira wakilai, wato manhajojin da ake ba su aiki su je su aiwatar: su duba lissafin kaya, su tura saƙon imel, su sayi tikitin jirgi, su cike fom, har ma su biya kuɗi. A watan Afrilun 2025, kamfanonin katin biyan kuɗi na Visa da Mastercard kowannensu ya sanar da shirin bai wa irin waɗannan wakilai damar yin sayayya a madadin mai kati.

Sai dai wakilin ba ya ganin cikin manhajojin da yake aiki da su. Abin da ke gabansa 'yan layuka ne na rubutu da wani injiniya ya tsara, masu faɗa masa abin da kowane kayan aiki yake yi da yadda ake sarrafa shi. Da waɗannan layuka yake yanke shawarar da za ta iya taɓa dukiyar mutum ko bayanan ma'aikata. Shi ya sa masu bincike da kamfanoni suka duƙufa kan tambaya guda: ta yaya za a tabbatar bayanin da aka rubuta yana kai wakili inda ake so?

Mene ne wakili, mene ne kayan aikinsa?

A asalinta, ƙwaƙwalwar da ke cikin manhajoji irin su ChatGPT da Claude da Gemini aikinta ɗaya ne: ta karanta rubutu, ta samar da rubutu. Ba ta da hannun da za ta taɓa asusun banki ko ta buɗe rumbun bayanan ofis. Idan ana so ta yi aiki a zahiri, sai a haɗa ta da wasu ƙananan manhajoji da kowacce ke yin abu guda: wannan ta binciko farashi, waccan ta tura saƙo, wata ta soke oda. Su ne ake kira kayan aiki. Ƙwaƙwalwar da aka danƙa mata su, aka kuma ba ta damar zaɓen wanda za ta ɗauka a kowane mataki, ita ce wakili.

Ana gabatar wa wakili da kowane kayan aiki ta abubuwa uku. Na farko shi ne suna. Na biyu shi ne bayani da harshen mutane, galibi Ingilishi, mai faɗin amfaninsa. Na uku shi ne jerin guraben da za a cike, tamkar fom ɗin ofis: nan lambar asusu, nan adadin kuɗi, nan kwanan wata.

Idan mai shago ya rubuta cewa a duba ko akwai sauran buhunan shinkafa, in sun gaza 20 a nemi ƙari daga dila, wakilin zai karanta jerin kayan aikin da ke hannunsa, ya zaɓi na duba sito, ya cike gurabensa, ya jira amsa. Daga amsar zai yanke ko ya ɗauki na tura oda ko ya tsaya. Kowane zaɓi a cikin wannan jeri ya dogara ne kan abin da bayanin ya faɗa, da kuma abin da ya yi shiru a kansa.

Tarihin abin bai da tsawo. An ƙaddamar da ChatGPT a ƙarshen Nuwamban 2022. A Fabrairun 2023 masu bincike na kamfanin Meta suka wallafa aikin da suka kira Toolformer, inda suka nuna ƙwaƙwalwar na iya koyon lokacin da ya dace ta nemi taimakon kalkuleta ko injin bincike. A Yunin 2023 kamfanin OpenAI ya buɗe wa masu ƙera manhaja hanyar bayyana kayan aikinsu ga ƙwaƙwalwarsa. A Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wata ƙa'ida ta bai-ɗaya mai suna MCP domin haɗa wakilai da kayan aiki, kuma cikin 2025 OpenAI da Google da Microsoft suka rungume ta. Sakamakon haka shi ne dubban kayan aiki da mutane daban-daban suka rubuta, wasu da kulawa, wasu cikin gaggawa, kuma wakili ɗaya zai iya riƙe da dama daga cikinsu a lokaci guda.

Inda bayani ke gaza

Gazawa ta farko, kuma mafi saurin jawo asara, ita ce rashin faɗin ma'auni. Kamfanonin sarrafa biyan kuɗi ta intanet, irin su Paystack na Najeriya da Stripe na Amurka, suna karɓar adadi ne a mafi ƙanƙantar ma'aunin kuɗi, wato kwabo ko santi. Wanda ke son karɓar naira 50,000 sai ya rubuta kwabo 5,000,000. Injiniyan da ya saba da tsarin ya san haka, amma idan ya gina kayan aiki a kan tsarin ya rubuta "adadi" kawai a bayaninsa, wakili na iya sa 50,000, sai a karɓi naira 500. Idan aka juya lamarin, kayan aikin na jiran naira wakili kuma ya ɗauka kwabo ake nufi, sai a caji mutum naira miliyan 5. Irin wannan ruɗani ya girmi AI: a Satumban 1999 hukumar NASA ta rasa kumbon Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja na fitar da lissafi da ma'aunin Ingilishi, wata kuma na karɓarsa a matsayin na mita.

Ta biyu ita ce gurbi mai harshen damo. Gurbin da aka sa wa suna "mai amfani" bai nuna ko sunan mutum ake so ba, ko lambarsa a rajista, ko adireshin imel ɗinsa. Haka kwanan wata: 03/04 a Najeriya 3 ga Afrilu ne, a Amurka kuwa 4 ga Maris. Bayanin da bai fayyace tsarin da ake so ba ya bar wakili da kintace.

Ta uku ita ce kamanni tsakanin kayan aiki. Idan akwai guda uku da ke binciken takardu, ɗaya a imel, ɗaya a fayilolin ofis, ɗaya a intanet, kuma kowane bayani ya ce "yana binciken bayanai", wakili zai ɗauki wanda ya fara zuwa masa. Wanda ya tafi intanet neman takardar da ke cikin kundin ma'aikata ba zai taɓa samunta ba, komai ƙoƙarinsa.

Ta huɗu ita ce yin shiru kan abin da zai biyo baya. Akwai bambanci tsakanin kayan aikin da ke dubawa kawai da wanda ke gogewa ko tura kuɗi. Bayani mai kyau yana faɗin cewa wannan mataki ba a iya janye shi, yana kuma faɗin yanayin da bai kamata a yi amfani da shi ba.

Ta biyar kishiyar sauran ce, wato yawan zance. Ƙwaƙwalwar na da iyakar rubutun da za ta iya riƙewa a lokaci guda, kamar allon da ke cika. Duk bayanan kayan aiki suna hawa wannan allo tun kafin a fara aikin, kuma kamfanoni na cajin kuɗi gwargwadon yawan rubutun. Dogon bayani mai maimaici yana cin wuri, yana cin kuɗi, yana kuma binne muhimmin gargaɗi a tsakiyar surutu.

Akwai kuma saƙon da kayan aiki ke mayarwa idan an yi kuskure. Wanda ya dawo da lambar kuskure tsagwaronta bai taimaki kowa ba. Wanda ya ce kwanan watan da aka sa ba ya bisa tsari, ga yadda ake rubuta shi, ya bai wa wakili damar gyarawa nan take. Masu auna inganci suna ɗaukar waɗannan saƙonni a matsayin ɓangare na bayanin.

Kamfanin Anthropic ya ba da misalai biyu daga aikinsa. A Disamban 2024 ya bayyana cewa yayin gina wakilin gyaran manhaja, injiniyoyinsa sun fi ɓata lokaci kan kayan aiki fiye da babban umarnin da ake bai wa wakilin. Sun lura yana ɓacewa idan aka bar shi ya nuna fayil da gajeren adireshi bayan ya sauya babban fayil ɗin da yake ciki, sai suka wajabta cikakken adireshi, kuskuren ya kau. A Satumban 2025 kuma kamfanin ya ce ya gano Claude na ƙara 2025 a kalmomin bincikensa na intanet ba tare da buƙata ba, abin da ke karkatar da sakamako, kuma gyaran bayanin kayan aikin ne ya magance hakan.

Yadda ake gudanar da gwajin

Hanya mafi sauƙi ita ce karatu. A bai wa wanda bai san tsarin ba bayanin, a tambaye shi ko zai iya aiki da shi ba tare da ya nemi ƙarin haske ba. Ana iya tsara jerin tambayoyi: ya faɗi amfaninsa? Ya faɗi lokacin da ba a amfani da shi? An bayyana kowane gurbi da ma'auninsa? Akwai misali? An faɗi abin da zai dawo? Wannan tacewa na kama kurakurai na fili, amma tana da rauni, domin abin da ya fito sarari ga mutum na iya rikita na'ura, abin da mutum ya ga ya yi gajarta kuma na iya wadatar da ita. Gani ya kori ji, don haka sai an sa wakilin aiki an ga abin da zai yi.

Matakin farko na gwaji na haƙiƙa shi ne tara ayyuka masu kama da na yau da kullum. Aikin da ya ce a duba oda mai lamba kaza bai gwada komai ba, tunda an riga an nuna hanya. Wanda ya fi amfani shi ne irin wanda abokin ciniki zai kawo: an cire masa kuɗi sau biyu kan kaya ɗaya makon jiya, yana so a mayar masa da ɗaya a bar ɗaya. Nan wakili sai ya gano mutumin, ya nemo cinikin, ya tabbatar da maimaicin, sannan ya mayar da adadin da ya dace. Kowane aiki dole ya zo da amsar da za a iya tantancewa, kamar yadda malami ke riƙe takardar amsoshi kafin ya zauna makin jarrabawa.

Mataki na biyu shi ne gudanar da ayyukan a wurin gwaji, inda kuɗin da bayanan duk na bogi ne, a kuma ƙirga abubuwa da dama. Ya zaɓi kayan aikin da ya dace? Ya cike gurabe daidai? Ya kai ga sakamakon da ake so? Sau nawa ya kira kayan aiki kafin ya gama, sau nawa aka mayar masa da kuskure, minti nawa ya ɗauka, nawa aka kashe? Kowane adadi na nuna wani abu. Yawan kuskure a gurbi ɗaya alama ce cewa bayanin gurbin bai fito ba. Yawan kiran kayan aiki ɗaya a jere alama ce cewa abin da yake mayarwa bai wadatar ba. Ana kuma saka ayyukan da babu kayan aikin da ya dace da su, ko waɗanda wani bayani ya yi ƙaranci a cikinsu, domin a ga ko wakili zai tsaya ya yi tambaya ko zai ƙirƙiro lambar asusu daga kansa.

Mataki na uku shi ne zuciyar aikin. A riƙe ƙwaƙwalwa ɗaya da ayyuka iri ɗaya, a sauya bayanin kaɗai, a sake gwadawa. Idan sakamako ya motsa, an san bayanin ne ya motsa shi. Idan aka sauya abubuwa biyu a lokaci guda, ba a iya sanin wanda ya yi tasiri.

Mataki na huɗu shi ne maimaici. Waɗannan manhajoji ba sa ba da amsa ɗaya tak a kowane karo, saboda haka nasarar sau ɗaya na iya zama dace. Lissafi mai sauƙi na nuna girman matsalar: wakilin da ke yin daidai sau 90 cikin 100 a kowane mataki, idan aiki na da matakai 10 da kowanne ya dogara da na gabansa, damar ya gama ba kuskure ta sauko zuwa kusan kashi 35 cikin 100. Idan aka ɗaga ingancin kowane mataki zuwa 99 cikin 100, damar ta haura zuwa kusan kashi 90. Ƙaramin gyara a jimla ɗaya na bayani na iya zama bambancin da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu.

Mataki na biyar shi ne zama a karanta tarihin aikin layi bayan layi. Alƙaluma na nuna cewa an faɗi, karatun ne ke nuna inda aka yi tuntuɓe. Wani lokaci wakili kan kai ga amsa daidai ta hanya mai haɗari, misali ya buɗe bayanan mutum goma kafin ya dace da wanda ake nema. Ba a kuma dogara da rahoton da wakilin ya bayar game da kansa, domin yana iya cewa ya kammala alhali bai kammala ba.

Na ƙarshe shi ne ɓoye wasu ayyukan gwajin. Idan injiniya ya yi ta gyara bayani har wakili ya ci dukkan ayyukan da ke gabansa, mai yiwuwa ya koya masa amsoshin jarrabawar ne kawai. Saboda haka ake ware wani kaso da ba a taɓawa sai an gama gyara. Haka nan bayanin da ya yi aiki da ƙwaƙwalwar wani kamfani ba lallai ya yi da ta wani ba, kuma duk lokacin da aka sabunta ƙwaƙwalwa sai an maimaita gwajin.

Wasu kamfanoni na sa AI ta taimaka wajen gyaran. A Yunin 2025 Anthropic ya ce ya ƙera wakilin da ke gwada kayan aiki mai matsala sau da dama sannan ya sake rubuta bayaninsa, kuma wakilan da suka yi amfani da sabon bayanin sun rage lokacin kammala aiki da kashi 40 cikin 100. Wannan adadi na kamfanin ne game da tsarinsa. Ana kuma sa wata ƙwaƙwalwar ta zama alƙaliyar maki, amma ita ma sai an gwada hukuncinta da na mutane, domin tana iya ruɗuwa da amsa mai daɗin karatu wadda ba daidai ba.

Abin da manyan gwaje-gwaje suka nuna

Akwai ma'aunai na fili da masu bincike ke amfani da su. Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta buɗe wani jadawali a 2024 mai jera ƙwaƙwalen bisa ƙwarewarsu wajen zaɓen kayan aiki da cike gurabe, har da sanin lokacin da ya kamata su ƙi kiran komai. A Yunin 2024 kuma kamfanin Sierra ya fitar da gwajin tau-bench, inda wakili ke hidimar abokin ciniki na kwaikwayo a kantin sayar da kaya da kamfanin jirgin sama, da kayan aiki da dokokin da zai bi. Ba a duba daɗin zancensa. Ana duba rumbun bayanai ne a ƙarshe a ga ko ya zama yadda ya kamata. Masu gwajin sun ruwaito cewa GPT-4o, ɗaya daga cikin na gaba-gaba a lokacin, bai ci rabin ayyukan ba, kuma idan aka buƙaci ya ci aiki ɗaya sau takwas a jere a ɓangaren kanti, nasararsa ta gaza kashi 25 cikin 100.

Ƙwaƙwalen da suka biyo baya sun fi haka ƙoƙari. Amma akwai abin lura: waɗannan ma'aunai suna riƙe bayanin kayan aiki a wuri ɗaya ne suna gwada ƙwaƙwalwa. Makin da ƙwaƙwalwa ta ci a can bai faɗi yadda za ta yi da bayanan da wani ɗan kwangila ya rubuta wa wata ma'aikata ko wani kanti ba. Wannan gwaji na biyu, mai kayan ne kaɗai zai iya nema a yi masa.

Bayani mai guba

Tunda wakili na ɗaukar bayani a matsayin jagora, mai mugun nufi na iya shigowa ta nan. A Afrilun 2025 kamfanin tsaro na Invariant Labs da ke Switzerland ya nuna yadda ake yi. Masu bincikensa sun ƙera kayan aikin da a fili tara lambobi biyu kawai yake yi, amma a cikin bayaninsa suka ɓoye umarnin cewa wakili ya karanto wasu fayilolin sirri na kwamfutar ya turo su tare da lambobin, kada kuma ya sanar da mai kwamfutar. Mutum na ganin suna da taƙaitaccen bayani a fuskar na'ura, wakili kuwa na karanta dukkan rubutun. Sun kuma nuna cewa kayan aiki mai guba na iya karkatar da yadda wakili ke sarrafa wani kayan aikin na gaskiya, misali wanda ke haɗe da WhatsApp, da kuma cewa ana iya sauya bayani bayan mutum ya riga ya amince da shi.

Wannan ya ƙara wa masu aunawa tambaya. Bayan ko bayani ya fito sarari, sai a duba ko gaskiya yake faɗa, wa ya rubuta shi, kuma ko ya sauya tun ranar da aka duba shi. Ƙa'idar MCP ta tanadi alamomin da ke nuna ko kayan aiki na dubawa ne kawai ko yana iya gogewa, amma ita kanta ta gargaɗi masu ƙera manhaja kada su gaskata alamomin sai sun fito daga majiya amintacciya, ta kuma ba da shawarar a bar wa mutum ikon hana wakili ɗaukar mataki.

Batun harshe

Akasarin bayanan kayan aiki da ayyukan gwaji da Ingilishi aka rubuta su. Idan mai amfani ya yi magana da Hausa, an ƙara wa wakili wata gada da zai tsallaka kafin ya cike gurbi. Wanda ya ce a kai kaya jibi ko gata yana nufin rana takamaimai, kuma kuskuren kwana ɗaya na iya sa mota ta tashi ba kayan. Jaka a bakin dattijon ɗan kasuwa a Kano naira 200 ce, jika a Maraɗi ko Damagaram kuwa sefa 1,000 ce, kuma a can dala ɗaya sefa 5 ce. Mudu da tiya da buhu ba su da gurbi a tsarin da ya san kilo kawai, sai an rubuta yadda za a juya su, ko an umarci wakili ya tambaya. Gwajin da aka ci da Ingilishi bai zama shaida kan Hausa ba. Dole a rubuta ayyukan gwaji da irin harshen da masu ciniki ke amfani da shi, da gauraye-gaurayensa da gajarce-gajarcensa.

Iyakar abin da bayani zai iya

Ko da bayani ya kai matuƙa wajen kyau, shawara ce ake bai wa wakili, kuma yana iya saɓa mata. A Yulin 2025 wanda ya kafa kamfanin SaaStr, Jason Lemkin, ya bayyana cewa wakilin rubuta manhaja na kamfanin Replit ya goge masa rumbun bayanan da ake aiki da shi, duk da umarnin da ya bayar cewa kada a taɓa komai. Shugaban Replit, Amjad Masad, ya amsa cewa hakan bai dace ba, ya kuma sanar da raba rumbun gwaji da na ainihin aiki. Maganin da aka ɗauka shi ne janye wa wakilin ikon isa wurin, kamar yadda maigida ke riƙe makullin akwatin kuɗi komai yardarsa da yaron shago.

Alhakin kuskure kuma ba ya komawa kan na'ura. A Fabrairun 2024 wata kotun sasanta ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta umarci kamfanin Air Canada ya biya wani fasinja diyya, bayan manhajar hira ta shafinsa ta ba shi bayanin da ba daidai ba game da rangwamen masu tafiya ta'aziyya. Kotun ta yi watsi da hujjar cewa manhajar ce ke da alhakin maganarta. Waccan manhaja magana kawai ta yi. Wakilin da ke tura kuɗi ko buɗe fayilolin ma'aikata ya ɗora wa mai shi nauyi mafi girma, kuma a Najeriya Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta riga ta ɗora wa masu riƙe bayanan jama'a alhakin tsare su.

Tambayoyin da suka kamata kafin a amince

Ɗan kasuwa ko jami'in gwamnati da aka kawo wa tallar irin wannan tsari ba ya buƙatar iya rubuta manhaja kafin ya tantance shi. Yana iya neman a nuna masa jerin kayan aikin da aka danƙa wa wakilin, da bayanin kowanne a rubuce, ya karanta da kansa ko ya sa a fassara masa. Yana iya tambayar waɗanne ne ke dubawa kawai, waɗanne ke gogewa ko biyan kuɗi, kuma a wane mataki ake jiran amincewar mutum. Ya nemi sanin ayyuka nawa aka gwada, ko sun yi kama da na shagonsa ko ofishinsa, sau nawa aka maimaita kowanne, da wane harshe, kuma me wakilin ya yi lokacin da aka ba shi saƙon da bai cika ba. Ya tambayi iyakar kuɗin da zai iya fitarwa a rana, da inda ake ajiye tarihin duk matakin da ya ɗauka, da wanda ke da ikon sauya bayanan kayan aikin bayan an fara aiki.

Sannan ya kawo nasa ayyukan guda goma ko ashirin daga cikin waɗanda suka taɓa ba ma'aikatansa wahala, waɗanda mai tallar bai taɓa gani ba, a gudanar da su a gabansa da kuɗin bogi, kowanne fiye da sau ɗaya, kafin a haɗa wakilin da asusun gaskiya.